A bar mana fim ɗin 'yan Hauka, ko da yana tayar da zuciya

Akwai wani gajeren fim na kusan rabin sa'a da aka ɗauka a bayan garin Accra a 1954, wanda tun ranar da aka fara nuna shi ake samun masu miƙewa su ce a ƙone shi. Jean Rouch, Bafaranshen da ya shafe rayuwarsa yana ɗaukar finafinai a Nijar, shi ya yi shi. Sunansa da Faransanci Les Maîtres Fous, wato mahaukatan iyayen giji, ko kuma iyayen gijin hauka, duk fassarar da ka ɗauka ta zauna. Mutanen da ke cikinsa ba 'yan wasa ba ne. 'Yan ci-rani ne daga Nijar, Zabarmawa da maƙwabtansu, irin waɗanda suka cika zangunan ƙasar nan a wancan zamani, kuma sunan ƙungiyarsu kalmar Hausa ce tsantsa: Hauka.

Yanzu guntayen fim ɗin sun shigo wayoyinmu. Da na kawo maganarsa a shirina na rediyo, layin waya bai huta ba har lokaci ya ƙare. Matasa dariya suke yi, sun ce sun ga mahaukatan da. Wasu dattawa a'uziyya kawai suka yi suka kashe waya. Amma waɗanda suka fi damuna su ne masu ilmi, masu kishin Zango na gaske, da suka ce Bature ne ya ci mutuncin kakanninmu, saboda haka a kai ƙara a sauke fim ɗin daga intanet, kada ma a sake ambatonsa a iska. Da su nake wannan gardama, don su ne maganarsu ke da nauyi, kuma su ne na tabbata sun kauce hanya.

Bari in fara faɗin abin da ke ciki, tunda da yawa cikin masu hukuncin daƙiƙa talatin kawai suka gani.

Fim ɗin ya buɗe ne da birnin Accra, wadda iyayenmu ke kira Ankara, da ayyukan da baƙi 'yan arewa ke yi a cikinta: dako a bakin teku, kayakaya a kasuwa, yankan ciyawa, tsintar kwalabe, feshin maganin sauro, haƙar zinariya. Ranar Lahadi sai wasu daga cikinsu suka hau motocin haya suka nufi wani gida a cikin daji. A gidan an rataye tsummoki a matsayin tutar Ingila, an shafe wani suri da fenti an ce shi ne fadar gwamna, ga mutum-mutumin gwamnan kansa, ga bindigogin katako. Aka fara da masu laifi, kowa ya fito ya faɗi abin da ya aikata, aka ci shi tara. Mai goge ya ja gogensa. Can sai rawar jiki ta kama mutum na farko daga ƙafa, ta hau har kafaɗa, idanu suka juye, kumfa ta cika baki tana zuba a haɓa. Ya miƙe yana tafiyar soja, yana ƙamewa, yana sara wa kowa. Kofur ya sauka ke nan. Daga nan sauran suka biyo: Gwamna, Janar, Kwamanda Mugu, matar likita, direban jirgin ƙasa da ke kai da komo yana huci kamar inji. Suna ɗaukar damin ciyawa mai ci da wuta suna gogawa a jikinsu don a shaida cewa yanzu ba mutane ba ne. Suna zagin juna a kan muƙami, suna kiran taron gaggawa, suna jayayya a kan wa ya fi wa. Daga ƙarshe aka yanka kare, suka lashi jinin, suka zauna taron shawara a kan ɗanye za a ci ko dafaffe, sannan suka riƙa tsoma hannu cikin tukunya tana tafasa suna tsamo nama.

Ba zan ce maka kallon nan da daɗi ba. Tsikar jiki na tashi, zuciya na tashi, kuma wanda ya ce bai ji komai ba ina shakkar gaskiyarsa. Kamarar da Rouch ya yi aiki da ita irin mai wani ce, ba ta wuce daƙiƙa ashirin da 'yan kai take tsayawa, shi ya sa hoton yake zuwa gutsi-gutsi, fuska ta faɗo maka ta ɓace, wata ta faɗo, kamar mugun mafarkin mai zazzaɓi.

To amma a tsakiyar wannan duka akwai wurin da aka fasa ƙwai a kan mutum-mutumin gwamna, ruwan ƙwan ya gangaro fari da rawaya. Nan take Rouch ya yanke ya kai mu Accra, wurin faretin gwamnan gaske, da farin gashin tsuntsu yana zubowa daga saman hularsa, sojoji na sara masa, ana ƙamewa, ana buga ƙafa. Idan ka ga wannan yanka sau ɗaya, ba za ka sake kallon fareti da idon da ba. Duk abin da ka gani a daji, ƙamewar, tsawar, kumburin wuya, rigimar muƙami, ga shi nan a filin gwamnati, sai dai wannan an wanke shi an goge.

Gwamnatin Ingila a Gold Coast ta gane abin da hoton ke faɗi sarai, shi ya sa ta haramta fim ɗin. A Paris ma, da aka nuna shi a gidan tarihi na Musée de l'Homme, Marcel Griaule, malamin Rouch da kansa, ya ce a lalata shi. Ɗaliban Afirka da ke zauren su ma suka fusata, suka ce zai ƙara wa Turawa hujjar kiranmu dabbobi. Wato a lokaci guda mai mulki da wanda ake mulka suka haɗu a kan buƙata ɗaya, kowa da dalilinsa. Rouch bai ƙone shi ba. A 1957 fim ɗin ya ci kyauta a bikin finafinai na Venis.

Ga tambayata ga 'yan uwana masu neman a goge: da kuka waiwaya kuka ga gwamnan mulkin mallaka tsaye a sahu ɗaya da ku, bai sa kun dakata ba? Shi fa ya san abin da yake tsoro. Lebura mai kwana a rumfar kasuwa ya ɗauki surarsa ya sa a jikinsa, ya nuna wa duniya ita da kumfa a baki. Mu me muke tsoro?

Kuma abin bai faro daga Accra ba. A 1925 ya ɓulla a ƙasar Kurfai, wajen Filinge a Nijar, lokacin da Faransawa suka matsa wa talakawa da haraji da aikin tilas da sarakunan da suka naɗa da hannunsu. Wata mata da ake kira Shibo ce aka fara sani da waɗannan sababbin iskoki, waɗanda Hausawan yankin ke kira Babule. Matasa suka bi ta, suna fareti da bindigogin itace, suna ƙin biyayya ga hakimai. Kwamandan Yamai na lokacin, Crocicchia, ya sa aka kamo su aka kulle, aka gana musu azaba. Me ya biyo baya? Shi kansa ya zama iska a cikin iskokinsu. Shi ne Kwamanda Mugun nan da ka gani yana zare ido a fim. Ka duba wannan al'amari da kyau. Mutanen da ba su da jarida, ba su da lauya, ba su da kujera a majalisa, sun rubuta sunan wanda ya zalunce su a wurin da ba mai iya kai samame, wato cikin jikinsu, suka ɗauko shi suka ƙetaro da shi har bakin teku, ana ta maimaita shi shekara da shekaru. A makarantar koyon aikin jarida an koya mana cewa shaida ita ce takarda da hoto da murya. Ga shaidar da ta fi su daɗewa, mu kuma muna neman a binne ta don ba ta yi kwalliya ba.

Na san inda ciwon yake, don ni ma ɗan Zango ne. Mu mutane ne da kullum ake tambayarmu daga ina muka zo, ko da kakan kakanmu a Kumasi aka yanke masa cibiya. Tsofaffinmu ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, aka yi ta sayar da gida da rumfa a wulaƙance, motoci suka yi ta kwasar mutane zuwa iyaka. Har yau idan aka yi rikici a gari, kafin a bincika an ce yaran Zango ne. Wanda ya tashi cikin wannan hali dole ya riƙa tunanin yadda ake kallonsa. Idan ya ga hoton mutum mai kama da kawunsa da jinin kare a baki, abin da zai fara zuwa masa shi ne: yanzu me maƙwabta za su ce? Wannan tsoro ba na wasa ba ne, kuma ban raina shi ba. Ousmane Sembène, uban finafinan Afirka, ya faɗa wa Rouch a gabansa a 1965 cewa irinsu suna kallon 'yan Afirka kamar ƙwari. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, har a wannan fim. Daga farko har ƙarshe muryar Rouch ce ke bayani. Shi ke gaya mana wane ne wane, me ake nufi, me ake ji. Ba a miƙa wa ko mutum ɗaya cikin masu abin makirufo an ce ya faɗi da bakinsa ba. A matsayina na wanda sana'arsa ita ce ba mutane dama su yi magana, wannan ya fi cin karen ci mini rai.

Sai dai idan laifin fim shi ne an hana kakanninmu magana, ta yaya share su gaba ɗaya zai zama gyara? An rufe musu baki, mu kuma mu zo mu rufe musu fuska. Kuma a tuna, shugabannin Haukan ne da kansu suka gayyaci Rouch ya zo ya ɗauka, bayan sun ga wani fim nasa na farautar dorina a kogin Kwara. Waɗanda suka riƙe masa na'urar ɗaukar sauti, Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia, 'yan Nijar ne. Mutanen nan sun san mene ne fim, sun so a gan su. Mu jikoki masu takardar makaranta ne muka yanke cewa ba su san abin da ya dace da su ba, wanda kuwa shi ne ainihin abin da Griaule ya yanke.

Ku taka ƙafa ku je nan Manhyia, gidan da Turawan Ingila suka gina a 1925, shekarar da Hauka ta ɓulla, don Asantehene Prempeh na Ɗaya bayan ya dawo daga zaman talala a tsibirin Seychelles. Yau gidan tarihi ne. Asantawa ba su ɓoye cewa an kama sarkinsu an fitar da shi daga ƙasarsa ba, ba su ɓoye an ci su da yaƙi a 1900 an tafi da Yaa Asantewaa ba. Sun jera abin a ɗaki, sun sa mai bayani, baƙo ya biya kuɗi ya shiga ya ji daga bakinsu. Raunin da suka ji ya zama abin da suke koyar da 'ya'yansu. Na san za a ce nasu tarihin sarauta ne da zinariya, namu na lebura ne da kumfa. To haka ne, talaka ba ya barin kujerar zinariya. Abin da ya bari ke nan, kuma idan muka ce sai tarihin da ya sha ado za mu karɓa, to mu shirya zama marasa tarihi, ko mu yi ta ƙirƙiro wa kanmu kakanni malamai da fatake zalla, kamar ba a taɓa yin ɗan dako a zuriyar kowa ba.

Game da addini ba zan tsawaita ba, don ni ba malami ba ne. Cin kare haramun ne, shan jini haramun ne, neman taimakon iska ba tafarkin Musulmi ba ne, kuma ba wanda ya ce a koma yi. Su kansu 'yan Haukan sun san haramun ne, abin da ya sa suka zaɓi kare ke nan, don su nuna cewa wanda ya hau su ya fi ƙarfin dokar mutane. Sanin abu daban, aikata shi daban. Malamanmu sun karantar da mu yadda Larabawan jahiliyya ke binne 'ya'ya mata da rai, ba wanda ya ce a yage shafin.

Akwai kuma wasu da nake jin haushinsu ta ɗaya ɓangaren, masu digiri da ke son mayar da Hauka wasan kwaikwayon siyasa kawai, su ce ai gatse ne, ai ba'a ce ake yi wa Bature, ai 'yan gwagwarmaya ne. Wannan ma wanke abin ne don ya shiga falo. Mutanen da ke cikin fim ɗin ba su ce wasa suke yi ba. A wurinsu iskoki ne na gaske suka sauka, masu sa ciwo da warkarwa, kuma da yawa sun shiga ne don wata lalura ta kama su, kamar yadda ake girka a bori. Wanda ke tsoma hannu a tafasasshen ruwa ba barkwanci yake yi ba. Abin da ya sa fim ɗin ke hana barci ke nan: tsoron mai mulki da sha'awar ƙarfinsa da ƙyamarsa duk sun cakuɗe a jiki ɗaya, ba ka iya raba su. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban wani babba yana murmushi alhali cikinsa na tafasa, sannan ya koma gida ya daka wa yaransa irin tsawar da aka daka masa, ya san wani abu game da wannan, ko bai taɓa jin sunan Rouch ba.

Masu dariya kuwa, ba su ne abin zargi na farko ba. Wanda ya yanko musu daƙiƙa talatin, ya ɗora kiɗa a kai, ya rubuta wata shashancin magana a ƙasa, shi ya yi ɓarnar. Ya cire Accra da wahalar aikinta daga farko, ya cire faretin gwamna daga tsakiya, ya cire washegari daga ƙarshe. Washegarin nan kuwa ita ce rabin fim ɗin. Rouch ya koma gari ranar Litinin ya nemo su ɗaya bayan ɗaya. Wanda jiya matar likita ta hau shi yana tsaye a kanti yana sayar da kaya. Wasu suna cikin rami suna haƙa wa hukumar ruwa hanyar bututu, a daidai ƙofar asibitin masu taɓin hankali, suna ɗago kai suna yi wa kamara murmushi, fuska a sake, lafiya lau. Ana nuna maka fuskar jiya da ta yau a jere. Kana iya ƙin yarda da Rouch da ya ce wataƙila sun samo maganin da ke hana su haukacewa, ni ma ina ganin ya sauƙaƙa abin da yawa, don murmushin lebura a gaban kamarar Bature ba ya nufin ya warke. Amma ba ka da ikon yanke hukunci a kan mutum alhali ka ga Lahadinsa ba ka ga Litinin ɗinsa ba.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne, mu ba baƙin abin tsoro ba ne a allo. A garin nan ake yin finafinan Kumawood, inda mayya ke rikiɗa ta zama ungulu, ana amayar da kuɗi, ana cire zuciyar mutum da hannu, yara na zaune suna kallo ana cin abinci. Finafinan Kano ma ba su rasa aljanu da bokaye. Ba wanda ya bugo mini waya ya ce a sauke su. Jinin ƙarya ba ya damunmu, kuma mugun da ke ciki kullum wata tsohuwa ce ko kishiya, wadda ba ta da mai kare ta. Wannan kuwa mugun cikinsa gwamna ne, jinin na gaske ne, fuskokin irin namu ne. A nan ne kawai muka tuna da mutunci.

Su Turawa sun daɗe da sanin darajar hoton da ke tayar da zuciya. A 1929 Luis Buñuel da Salvador Dalí suka yi wani gajeren fim a Paris mai suna Un Chien Andalou, inda aka nuna ana tsaga ido da aska, tururuwa na fitowa daga tafin hannu. Buñuel ya ba da labarin cewa ya cika aljihunsa da duwatsu ranar nunin farko don ya rama idan 'yan kallo suka far masa. Ba su far masa ba, yau kuma ana koyar da fim ɗin a makarantun fim na duniya. Ba wanda ya kalle shi ya ce Sifaniyawa mahaukata ne. Shi kuwa na Accra, marubucin Faransa Jean Genet ya samu hasken wasansa Les Nègres daga gare shi, Peter Brook ya nuna wa 'yan wasansa shi lokacin da suke shirya Marat/Sade. Wasu sun ci abinci da abin da leburorin Zango suka ƙirƙira da jikinsu, mu masu gadon muna neman tsintsiya.

Abin da nake nema a yi mai sauƙi ne, kuma bai fi ƙarfinmu ba. A nuna fim ɗin cikakke, daga farko har ƙarshe, ga manya, a wani zaure a Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango, a gaya wa mutane tun a ƙofa abin da za su gani don mai raunin zuciya ya koma. A haɗa shi da Jaguar, ɗaya fim ɗin da Rouch ya fara ɗauka a wannan tafiya, inda samari uku suka taso daga Ayoru a Nijar, har aka kafa teburin koli a kasuwar Kumasi, don a ga cewa mutanen zamanin suna da dariya da wayo da kwalisa. A zaunar da dattawan Zabarmawa da na Hausawa a sahun gaba, a ba malamai kujera, a ba wanda ke ganin cin mutunci ne makirufo ya faɗi son ransa. Sannan a maimaita nunin, a wannan karon a rage muryar Rouch. A ƙarƙashin Faransancinsa akwai goge, akwai kirari, akwai tsawar da iskokin ke yi da wani harshe gauraye. Ina son in ga tsohon da aka haifa a zangon nan kafin 'yancin kai ya karkata kunne ya gaya mana abin da yake ji, ni kuma in riƙe masa na'ura in naɗa.